Masakai Biyu na Gwadabe Gyartai

Duk wanda ya ci kasuwar Haɗeja kafin jirgin ƙasa ya iso Malam Madori ya san Gwadabe gyartai. In ma bai san sunansa ba, ya san kafaɗarsa ta hagu, wadda ta karkace kamar an ɗora mata kaya an manta ba a sauke ba. Ni ce Asabe mai bandar kifi, taubashiyarsa. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ni kaɗai ce a duniya nake ce masa "kai tsohon banza" ya yi dariya, kuma na faɗa masa ya fi sau dubu. Yau zan ba da labarinsa yadda yake, har da inda na yi nawa laifin, don na gaji da jin masu cewa wai taɓuwa ya yi. Ƙarya suke yi, wallahi. Mutumin nan hankalinsa garau yake har ya koma ga Allah.

Sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Ka kawo masa ƙwaryar da ta tsage har gindi, wadda kai kanka ka fid da rai, sai ya juya ta ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne, ya ce ka dawo jibi. Yakan bi gefen tsagar da basilla yana hudawa, huda bayan huda, sannan ya ɗinke da saiwar goriba da ya jiƙa. Ɗinkinsa daban yake da na kowa, a jere yake fita kamar ƙashin bayan kifi, ko a cikin ƙore ɗari ka gan shi ka san hannun Gwadabe ne. Amma ɗinki kaɗai ba ya hana yoyo. Sai an bar ƙwaryar ta kwana, saiwar ta bushe ta ja bakin tsagar ta matse, sannan washegari a narka danƙon gamji a bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya a liƙe. In ka yi gaggawa ka liƙe tun saiwar na da danshi, danƙon ba zai kama ba. Ɗinki yau, liƙi gobe. Haka ubansa ya koya masa, haka kuma yake yi.

Aikin da ya fi yi shi ne na masaki, babbar ƙwaryar nan da mace za ta runguma hannayenta su kasa haɗuwa. Wanda bai zauna fadama ba ba zai san darajar masaki ba. In ruwa ya kawo, shi ne jirgin talaka. Mace ta zuba kayanta a ciki, ta kwantar da jinjirinta a kai, ta shiga ruwa tana iyo tana tura shi har ta ƙetare. Ni kaina a masaki aka fito da ni daga ƙauyenmu ina wata biyar, kuma an ce barci na yi ta yi har gaɓa.

Gwadabe ba ɗan cikin gari ba ne. A Tudun Gana yake zaune, wani ɗan ƙauyen masunta can gabas wajen Baturiya, gidaje goma sha wani abu a kan tudu, ruwa ya kewaye su. Yana da mata guda, Larai, da 'yan biyu mata, Hassana da Huseina, watansu tara a duniya.

Shekarar da Nasara suka ci Haɗeja da yaƙi ƙasa ta rikice, daji ya zama na mai ƙarfi. Damina ta yi nisa, kogi ya cika, ran nan da sanyin safiya, mata na ɗumamen tuwo, sai wasu mahara suka faɗa wa Tudun Gana. Har yau ba mai iya ce maka ga ko su wane ne, fuskokinsu a rufe suke. Ba dukiya suka zo nema ba, me masunci ya ajiye? Kisa suka zo yi, don sauran ƙauyuka su ji labari su gudu su bar musu fadamar. Kuma an ji, an gudu. A gaban idon Gwadabe aka soke Larai tana gudu da Hassana a goye, mashin ya haɗa su biyun. Shi kuwa Huseina ce a hannunsa. Ya ruga ƙofar gidansa, gindin wata giyayya a bakin ruwa inda yake aiki, ya fizgi masaki ya kwantar da ita a ciki, ya shiga ruwa har ƙirji ya tura ta tsakiyar kogi. Yana juyowa aka sare shi a kafaɗa. Ya faɗa cikin ciyawar ruwa, suka ɗauka ya mutu. Wasu masu gudu a jirgi ne suka tsince shi, suka kawo mana shi Haɗeja. Wata huɗu yana kwance a zauren gidanmu, ni nake dama masa kunu.

Ranar da bakinsa ya fara buɗewa, abin da ya fara faɗa ke nan: "Masakai biyu ne a kife gindin giyayyar. Ɗaya na gama shi sarai, na liƙe. Ɗayan kuwa jiyan nan na ɗinke shi, yana jiran danƙo. Liƙaƙƙen na ɗauka. Asabe, liƙaƙƙen na ɗauka."

Na ce, "To, Allah ya sa." Me zan ce? Amma fa maganar nan sai ta zame masa kamar tasbihi. Shekara ashirin da huɗu, duk sanda ya ba da labarin, sai ya ƙare da ita. Wani lokaci ina cikin jera kifi a kan banda, ba wanda ya ɗauko zancen, sai in ji ya ce, "Liƙaƙƙen na ɗauka." In juyo in ce, "Kai tsohon banza, wa ya tambaye ka?" Sai ya yi 'yar dariya ya ci gaba da huda ƙwaryarsa. Ni da nake ganin kaina mai wayo, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa mutum zai yi ta amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Yana warkewa ya rataya jakar basillarsa ya bi kogi. Lissafinsa mai sauƙi ne: masaki liƙaƙƙe ba ya nitsewa, ruwa gabas yake tafiya, to wani ya tsinci 'yarsa a gabas. Ya ci kasuwar Guri, ya ci ta Nguru, ya kai Gashuwa, wata shekara har Geidam. Duk inda ya sauka sai ya shimfiɗa buzunsa wajen da mata suke wucewa. Huseina tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu, baƙa, kamar ƙwayar wake. Ita yake nema. Shekarun farko jarirai yake leƙawa a bayan uwayensu. Daga baya sai 'yan mata masu talla. Daga baya amare. Can kuma sai matan da su ma suke da goyo. Akwai awarwaro guda da yake yawo da shi a jaka, na ranar da zai gan ta. In an yi shekara biyu uku sai ya kai wa maƙeri a sake masa wanda ya fi shi faɗi, wai hannunta ya girma.

Ya yi wa Larai da Hassana sadaka, duk watan azumi yana sa a yi musu addu'a. Huseina kuwa ko kusa. Wani malami ya taɓa haɗawa da sunanta cikin mamata, Gwadabe ya miƙe tsaye a tsakiyar addu'a ya ce, "Gafarta Malam, cire wannan. Tana nan da ranta. 'Yan biyu ne fa, kunama ma ba ta harbinsu, balle ruwa." Na yi masa maganar aure har bakina ya gaji. Na kawo masa zawarawa uku, ɗaya ma har da gonar shinkafa. Ya ce sai Huseina ta dawo ta zaɓa masa.

Abu ɗaya ne ba ya yi. Duk yawon nan nasa, bai taɓa bi ta Tudun Gana ba. In zai je gabas sai ya zaga ta tudu, ya ƙara wa kansa tafiyar yini guda. In kuwa mutumin wajen ya zo kasuwa ya fara "ai mu can wajen Tudun…", kafin ya rufe baki Gwadabe ya naɗe buzunsa. Na ɗauka ciwon Larai ne, ban matsa masa ba.

Abin da ya kai ni bango ya faru ne shekarar da jirgin ƙasa ya iso. Lokacin idonsa ya fara rauni. Ranar kasuwa wata matar aure ta sunkuya tana taya tukunya kusa da shi, ya hango wani baƙi-baƙi a gefen kunnenta. Maimakon ya yi magana, sai kawai ya miƙa hannu ya ɗaga mata kallabi. A tsakiyar kasuwa! Matar ta kurma ihu, mijinta na nan kusa, mahauci ne ƙato. Kafin mutane su raba, an fitar wa Gwadabe da haƙori biyu. Abin da ya gani kuwa, baƙin tukunya ne ta shafa da hannu.

Ina wanke masa baki da ruwan gishiri ina masifa. Na ce, "Wallahi ka ishe ni! Ka ishi kanka! Yau haƙori, gobe kai za su fasa maka a kan 'yar da…" Ya ɗago ya dube ni da bakin nan a kumbure ya ce, "'Yar da me, Asabe?" Na ci gaba da wanke masa bakin.

Akwai wani Fannami, Babarbare, mai kawo mini ɗanyen kifi a jirgi daga wajen Baturiya. Shi na kai wa kukana. Ya ce, "Yaya Asabe, kin taɓa zuwa Tudun Gana kuwa? Ba mai zama yanzu, amma ba kufai ba ne." Ya ce mutanen ƙauyen da ke ƙetare ne suka zo suka binne gawawwakin bayan kwana biyu. Suka tattara abin da wutar da maharan suka cinna ta bari, aka rasa yadda za a yi da shi. Limaminsu ya ce kayan gado ne, haramun ne wani ya taɓa, a ajiye har magada su zo. Sai suka gina ɗaki guda a kan tudun suka zuba. Duk shekara in ruwa ya ja sukan je su sake jinka, su share kaburbura, su yi addu'a. Masu wucewa a jirgi ma sukan tsaya. Wata tsohuwa, Ya Aisa, wadda da ita aka yi wankan gawa a wancan lokaci, ita take kula da wurin.

Nan take na ƙulla abina. Na ce bari in kai shi ya ga kabarin matarsa da idonsa, ya yi kukan da bai yi ba, ko zuciyarsa ta sauka ya zauna wuri ɗaya. Iyakar abin da na nufa ke nan, Allah shi ne shaidata. Na san in na faɗa masa gaskiya ba zai je ba, sai na yi masa ƙarya. Na ce ana biki a ƙauyen su Fannami, ƙoren uwar amarya duk sun tsattsage, ana neman gyartai na gaske. Ya ɗauki jakarsa da danƙonsa ya biyo ni kamar rago.

Da kaka ne, ruwa ya fara ja. Muka kwana ɗaya a hanya. Washegari da hantsi Fannami na tura jirgi cikin bado, Gwadabe na zaune a gaba yana fere saiwa, har yana tsokanata wai nauyina zai kifar da mu. Sai muka sha wata kwana, ga tudu a gabanmu, ga wata tsohuwar giyayya ta sunkuyo kan ruwa. Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Asabe, ina za mu?"

Na yi kamar ban ji ba.

Ya ce, "Fannami, juya jirgin nan. Don girman Allah juya."

Fannami ya dube ni. Na daure fuska na ce, "Ba inda za a juya. Shekara ashirin da huɗu matarka na kwance a nan ba ka taɓa zuwa ka ce mata Allah ya ji ƙanki ba. Yau sai ka sauka."

Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "Kin ci amanata, 'yar kawu." Bai taɓa kirana haka ba sai ran nan.

Ya Aisa na kan tudun da tsintsiya a hannu, 'yar tsohuwa siririya mai zanen Barebari a fuska. Fannami ya yi mata bayani da harshensu. Ta saki tsintsiyar ta ce, "Ɗan garin nan ne? Innalillahi! Shekara goma sha ɗaya rabon da wani magaji ya zo. Mun ɗauka sun ƙare."

Ta wuce gaba muka bi ta. Ni fa da bakina na zo, na shirya maganganun da zan yi ta faɗa masa. Muna zagaya shingen ƙaya sai bakin ya mutu. Na sha jin ana cewa mutum arba'in da bakwai aka kashe, mutum arba'in da bakwai, ashe ban san me nake ji ba. Ga su nan a jere, sahu huɗu, kowanne an kafa masa fasasshiyar tukunya a wajen kai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gajerun. Wayyo Allah, gajerun sun fi dogayen yawa! Wani bai fi tsawon muciya ba. Na fara ƙirga su na kai goma sha tara, sai na kasa ci gaba, na dafa shinge ƙaya ta soke ni ban ma ji ba sai daga baya. Wurin tsit, ba ka jin komai sai kukan agwagin ruwa.

Gwadabe ya ce a hankali, "Akwai wata mai goyo."

Ya Aisa ba ta yi wata-wata ba, ta nufi sahu na biyu ta tsaya. Ta ce, "Ga ta. Tare muka sa su. Mun yi mun yi mu raba su, abin ya gagara."

Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya daɗe yana motsa baki. Hawaye na zuba, amma a natse. Na ce a raina, alhamdu lillahi, abin da na zo nema ke nan, yanzu sai mu juya gida. Da na san abin da ke gaba, da a nan na ja hannunsa muka koma jirgi.

Ya Aisa ta ce, "Bawan Allah, zo ka duba kayan gidanku. Amana ce a wuyanmu, ka ɗauke mana."

Ya ce a'a, ya yafe. Ni ce dai, ni da bakin nan nawa, na ce, "Haba Gwadabe, tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana gadi, ka shiga mana ko leƙawa ka yi."

Ɗakin na ƙasa ne, ƙofarsa gajera. Yana warin hayaƙi, don Ya Aisa takan turara shi saboda gara. Da idona ya saba da duhun, sai na ga komai a rataye yake a jikin rufi da bango, gida-gida, yadda aka tsince shi. Ga komar kamun kifi da ƙugiyoyi. Ga allo an rubuta rabin sura an tsaya. Ga turmi gefensa a ƙone, taɓaryar na ciki. Ga wani ɗan takalmin fata ƙafa ɗaya, tafin hannuna ya fi shi. Ga mataji da sauran gashi a jiki. Ya Aisa na nunawa tana cewa wannan a gidan farko, wannan a bakin rijiya, wannan a hannun mai shi muka cire. Ji nake kamar masu kayan sun fita ne yanzun nan za su dawo su tarar da mu muna leƙa musu ɗaki.

Sai ta ɗaga hannu ta nuna wata ragaya a kusurwa ta ce, "Wancan kuwa a gindin giyayyar bakin ruwa muka same shi a kife. Ko ƙwarzane babu."

Masaki ne. Fannami ya sauko da shi ya kawo bakin ƙofa wajen haske, ya juya gindinsa sama. Ga ɗinkin nan kamar ƙashin kifi, tun daga baki har gindi. A kan ɗinkin kuma ga danƙo baƙi ƙirin, an bi kowace huda an liƙe tsaf.

Wallahi ni na fara ganewa kafin in yarda na gane. Liƙaƙƙen ne. Ga shi nan a hannun Fannami, bai taɓa shiga ruwa ba. In kuwa liƙaƙƙen na nan, to wanda aka kwantar da Huseina a ciki ɗayan ne, mai hudoji a buɗe.

Gwadabe ya kai yatsa ya bi danƙon daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Ya kankare da farce kamar yana fatan ba danƙo ba ne. Sai ya yi wani sauti, ba kuka ba, ba magana ba, irin wanda saniya ke yi in an kwantar da ita. Ya zauna daɓas a bakin ƙofa. Ya ce, "Na sani. Asabe, na sani. Tun ina tura shi na ji ruwa a yatsuna."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na faɗa ya fi sau goma, na rasa wata kalmar. Ashe shi ya sa yake zagaye Tudun Gana. Ashe duk amsar nan da yake bayarwa ba wanda ya tambaye shi, kansa yake ba.

Ya Aisa ta tsaya tana dubanmu, ba ta san me ake ciki ba. Fannami ya faɗa mata a gajarce. Na ga fuskar tsohuwar nan ta sauya. Ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu. 'Yar masaki!"

Ta ce kwana uku bayan sun gama binne mutane, masunta suka ga bakin masaki ya ɗan leƙo cikin ciyawa, nan bayan kwanar da muka sha, ko nisan jifa biyu babu daga giyayyar. Ya cika da ruwa. Da jaririya a ciki. Ba wanda ya san ko ta wane gida ce, don kusan kowace mace a fadamar nan da masakin da gyartai ya ɗinke mata. Suka binne ta a ƙarshen sahu, yaran ƙauyensu suke kiran kabarin na 'yar masaki.

Gwadabe bai ɗago ba. Ya ce, "Ya Aisa, wa ya yi mata wanka?"

Ta ce, "Ni."

Ya ce, "A bayan kunnenta…"

Ta ce, "Na hagu. Kamar ƙwayar wake."

Nan na faɗi. Ni Asabe da ko a mutuwar ubana ban yi kururuwa ba, na yi birgima a ƙasar nan ina ihu ina cewa ni na kawo shi, ni na kashe shi. Nisan jifa biyu! Mutum ya taka har Geidam da ƙafarsa, ya tsufa a hanya, an fitar masa da haƙora, ashe tana nan dab da gidansu.

Shi ne ma ya ce in yi shiru. Ya tambayi Ya Aisa ko masakin na nan. Ta ce yana nan, daban ta ajiye shi tunda ba a san gidansa ba. Ta shiga ta fito da shi. Ya karɓa ya ɗaga shi sama ya tare rana da shi, sai ga haske na zubowa ta hudojin, ɗigo-ɗigo a jere a kan fuskarsa da rigarsa. Ya daɗe a haka.

Sai ya ce, "Fannami, hura mini wuta."

Muka dubi juna. Fannami ya tara ƙirare ya hura. Gwadabe ya kwance jakarsa, ya fito da danƙon da ya ɗauko don ƙoren amaryar ƙarya, ya ɗora a katangar fasasshiyar tukunya ya narke. Ya kife masakin a cinyarsa ya fara bin hudojin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya hura, ya shafa, ya miƙe ya gangara gindin giyayya, muka bi shi. Ya shiga ruwa da rigarsa har ƙirji, ya ɗora masakin, ya danna shi da hannu biyu ya saki. Ya taso ya zauna a kan ruwa daram. Ya leƙa ciki, ya shafa, ya nuna mini tafin hannunsa a bushe.

Ya ce, "Kin gani, Asabe? Aikin da bai kai a sha fura a tashi ba."

Bai biyo mu Haɗeja ba. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce ya zage ni ko ya mare ni in ji sanyi. Ya ce, "Je ki gida, kifinki zai lalace." Kafin mu tashi ya sa Fannami ya ƙetara ya ɗauko limamin ƙauyen, aka yi addu'a, shi da bakinsa ya faɗi sunan Huseina cikin mamata. Awarwaron nan ya tona gefen ɗan kabarin ya sa. Ya kafa bukka kusa da ɗakin kayan, ya karɓi tsintsiya daga hannun Ya Aisa. Matan fadama suka riƙa kawo masa masakansu a can, kuma an ce duk wanda ya ɗinke, ɗaure shi yake da igiya a jikin bukkarsa, ba mai taɓa shi sai ya liƙe. Damina biyu ya yi ya rasu, aka sa shi a ƙarshen sahu kusa da ita.

Na je sau ɗaya kafin rasuwarsa, na kai masa bandar tarwaɗa. Na tarar yana shara, ya rame ƙwarai. Na daure na ce, "Kai tsohon banza, ka yafe mini?" Ya tsaya ya jingina da tsintsiyar, ya ce, "Na yafe miki tun a jirgi. Amma Asabe, da kin bar mini ita ko shekara ɗaya ce. Na riga na sa a ƙera mata sabon awarwaro."